Cokali Biyu na Jinin Yaya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da yara gaba ɗaya. Yaya aiki, yaya fama da katako? Allah ya sa zarto bai ƙara ɗanɗana yatsanka ba. Idan ka tambaye ni, ko da yake shekara biyu ke nan ba ka tambaya ba, ina nan da raina. Maigidana, surukinka, da yara suna gaishe ka.

Na zaɓi takarda ne saboda in na kira waya, kana ganin lambata kake kifa ta a kan benci. Takarda kuwa na san halinka, ko wadda aka ƙunso maka ƙusa a ciki ce sai ka warware ka karance ta tas kafin ka yar. To ga tawa, ka karanta, in ka ga dama ka ƙunshe ƙusa da ita daga baya.

Ba haƙuri zan ba ka ba, kada ma ka gyara zama. Buƙata ce ta kawo ni, kuma ƙarama ce.

Ka san tun da ƙodar da ka ba ni ta daina aiki na koma wankin ƙoda. Talata, Alhamis, Asabar, awa huɗu huɗu, a kujera ta uku daga taga, inda ba abin da nake gani sai igiyar shanyar masu wankin asibiti. Ruwa kofi biyu aka yarje mini a wuni, ni da nake shayar da tsiro dubu uku kowace safiya a lambun Baba. Duk wannan ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Jijiyoyin da ake sa mini allurar wankin ne suka fara ƙarewa. Ta hannun hagu ta mutu bara, ta dama ma sai nas ta yi ta lalube kafin ta samu. In ta tafi sai a koma wuya. In ta wuya ta tafi kuma, likita ba ta ƙarasa maganar ba, ni ma ban ce ta ƙarasa ba.

Dashe irin na da ba zai yiwu mini ba. Likitar, wata 'yar siririya da ba ta iya ɓoye magana, ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce kowace gaɓa ta jikin mutum tana ɗauke da shaidar mai ita, wadda ya gada daga iyayensa, kuma da wannan shaida garkuwar jiki take bambanta na gida da baƙo. Jikina ya yi faɗa da ƙodarka har ya haddace shaidarka, yanzu duk abin da ya yi kama da kai sai ya far masa. Shi ya sa Autanmu, da ya zo da ƙafarsa ya miƙa hannu, aka gwada aka ce ya koma gida, ya yi kama da kai da yawa. Kusan kowa jinina ya ƙi. Surukinka ya ce shi kam bai yi mamaki ba, shekara ashirin yana zaune da mai jinin.

Amma akwai wani sabon aiki da suke gwadawa. Mutum goma sha biyu za su ɗauka, an riga an yi wa biyar. Maimakon su danne garkuwar jikina da tulin magani kamar da, ƙodar ce za su gyara. In an ciro ta daga jikin mai bayarwa, sai a ɗora ta a kan wata na'ura da ke zagaya mata ruwa mai ɗumi kamar tana cikin mutum, a zuba wani saƙo da zai shiga cikin ƙwayoyin halittarta ya sa su rage bayyana shaidar nan. Ba sharewa za a yi gaba ɗaya ba, don wai baƙon da ba shi da shaida ko ɗaya shi ma jiki ba ya yarda da shi. Dusashe ta za a yi, daidai wuraren da jinina ke farauta. Surukinka ne zai ba ni tasa. Ka san malamin lissafi, sai da ya cika shafi uku da tambayoyi kafin ya sa hannu.

Ga inda ka shigo. Kafin su dusashe shaida sai sun san takamaimai wacce jikina ya haddace, awon da aka yi maka shekara tara da suka wuce kuma sama-sama ne, irin na wancan lokaci. Suna son jininka, 'yar ƙaramar kwalba guda. Na tambaya, aka ce bai wuce cokali biyu ba. A nan asibitin za a ɗiba, nan da sati shida. In ba a samu ba, sai a ba wani gurbina.

Ban manta abin da ka faɗa mini ba ranar da aka ce ƙodar ta tafi. Ka tsaya a ƙarshen gadona da hularka a hannu, ka ce, "Na ba ki ƙoda, kin je kin binne ta a lambu." Ka juya ka fita, ban sake jin muryarka ba. Ina da amsa, amma ba yau ba. Yau cokali biyu nake nema a wurin mutumin da ya ba ni ƙoda ba tare da na buɗe baki na roƙa ba.

Ka gaida mini matarka da kyau, ka shafa mini kan yara. Allah ya bar zumunci, ko da mu mun sake shi.

Ƙanwarka, wadda ka laƙaba wa
Barkono

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mutan gida, da fatan kowa lafiya. Yaya ƙafar ƙaraminku da na ji an ce ya faɗo daga keke? Allah ya sawwaƙe. Mu nan da sauƙi.

Yau sati biyu ke nan. Na san takardar ta isa, domin direban da na ba ya ce a hannunka ya danƙa ta, kana tsakiyar goge wata ƙofa. Ba ka amsa mini ba. Amma wayar nan da ta yi maka nauyin ɗagawa shekara biyu, ka iya ɗaukarta ka kira surukinka a makaranta. Ya dawo gida ya zauna yana juya cokali a kwano, sai da na tsare shi ya faɗa mini. Wai ka ce kada ya kuskura ya bari a yanka shi. Wai ba don ado aka halicci mutum da ƙoda biyu ba. Wai ni kuma za a mai da ni ɓeran gwaji. Wallahi Yaya da kana kusa a lokacin da maƙwabta sun ji mu. Ka ƙi ba ni cokali biyu, sannan ka zagaya ta baya ka kama hannun mai ba ni?

Maganar ɓeran gwaji kuwa, na karɓa. Ni ce. Takardar da na sa wa hannu shafi goma sha ɗaya ce, kuma na karanta ta sau biyu da tabarau. Sun rubuta cewa saƙon zai iya ƙin shiga, zai iya shiga ya gushe bayan wasu shekaru, zai iya jawo abin da su kansu ba su sani ba tukuna. Cikin biyar ɗin da aka yi wa, huɗu ƙodarsu tana aiki, ɗaya ya rasa tasa. Na ga ɗaya daga cikin huɗun da idona, wata mai ɗinki, ta nuna mini maganinta a tafin hannu, ƙwaya uku. Ni a da goma sha ɗaya nake haɗiya. An ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ni kam sai da na duba abin da aka miƙo mini ciki da bai, sannan na kama, kuma ba zan saki ba don wani kafinta ya ɓata rai.

Yanzu ga amsar da na ce ina da ita.

Shekara bakwai na riƙe ƙodarka kamar ƙwai a cokali. Likitoci sun ce maganin da ke hana jiki ƙin ƙodar shi ne kuma yake kwance wa jiki ɗamara, don haka in nisanci ƙasa da taki da ruɓaɓɓen ganye. Na bi. Ni da aka haifa a lambu na koma tsayawa a bakin hanya da takunkumi da safar hannu da dogon takalmi, ina nuna wa ma'aikata aiki da sanda kamar baƙuwa.

Sai mangwaron Baba ya fara mutuwa. Ka san wanda nake nufi, uwar lambu, wanda duk ɗan auren da muka taɓa sayarwa daga jikinsa aka yanko ido, wato tohon da ake aura wa wani gindi. Ɓawonsa ya tsattsage, cikinsa ya yi baƙi, rassa uku kaɗai suka rage da rai. Na sa ma'aikata su yi aure daga rassan nan, suka yi arba'in, ko ɗaya bai kama ba. Hannunsu nauyi gare shi. Na ga in na ƙara wata guda iri ya ɓace ke nan har abada, sai na shiga da kaina.

Safar hannu na fara cirewa, domin ba a jin inda ɓawo ya rabu da itace ta cikin roba. Sauran kuwa kai ma ka sani, tare aka koya mana. In ka yanko ido daga reshe, hannu ɗaya yana riƙe da wuƙa, ɗaya yana buɗe ɓawon gindin da za a aura, ina za ka ajiye idon? A leɓe, don kada iska ta busar da shi. Ka tuna yadda Baba yake make mana ƙeya in muka ajiye shi a ƙasa? Wallahi Yaya ban yi shawara ba. Hannuna ne ya janye takunkumin da kansa, kamar yadda yake kai loma baki. Ido sittin na riƙe a bakina cikin kwana uku, daga jikin bishiyar da fumfuna ta cinye.

Bayan sati uku tari ya fara. Fumfunar ta sauka a huhuna. Likitoci suka ce ko dai su janye maganin don jikina ya iya faɗa, ko kuma su rasa ni. Suka janye. Jikina ya tashi ya yi faɗan, ya kashe fumfunar, ya haɗa da ƙodarka.

Cikin sittin ɗin, goma sha tara suka kama. Uwar ta faɗi a daminar nan. Bana goma sha taran duk sun yi 'ya'ya, irin na Baba sak, ba zare ko ɗaya.

Ba zan ce maka na yi nadamar shiga ba, don zai zama ƙarya. Da 'ya'yan bishiyar nan aka rene mu, ni da kai da Auta. Nadamata takunkumin ne. Da na jiƙa auduga na ajiye idon a kai da duk wannan bai faru ba, kuma ba ranar da ba na tuna haka. Na yi kukan ƙodarka fiye da yadda kake zato, har yau in hannuna ya taɓa tabon sai zuciyata ta tsinke. Amma ba zan zo da rarrafe ba. Kai ma ba ka taɓa yi wa kowa ba, ciki ɗaya muka fito.

Surukinka bai janye ba, in ma kana jiran labari. Saura sati huɗu.

Ina gaida matarka da yara. Allah ya huci zuciyarka.

Barkono

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina tambayar lafiyarka, kuma wannan karon ba tambayar buɗe takarda ba ce. Yaya ƙafafun? Yaya ciwon kan safe?

Kada ka yi wa matarka faɗa. In ka ɗaga mata murya sai na ji, kuma da ni za ka yi. Jiya Alhamis ina kan kujerar wanki, igiyoyi a hannuna, sai na ga ta shigo tana raba ido. Ta ce maka ta tafi duba innarta, ashe mota ta shiga tun ranar Laraba ta zo wurina. Ta zauna a gefena ta kalli jinina yana zagaye cikin na'ura, sai kawai ta fashe da kuka.

Ta faɗa mini duka. Takalmin da ka yanke wa baki don ƙafa ta shiga. Zoben da aka guntule maka da filaya. Yadda kake jingina da bango in ka ɗaga katako. Da ƙaramin asibitin da ka je bara a ɓoye, aka auna jininka aka ce hawan jini ya fara cin ƙodar da ta rage maka, ka yaga takardar a bakin ƙofa ka ce kowa ya ƙara ɗibar jininka ba da yawunka ba. Ta kuma faɗa mini abin da ya fi yi mini ciwo. Awon shekara-shekara da aka ce duk wanda ya ba da ƙoda ya riƙa zuwa, ka daina shi tun ranar da ka fita daga ɗakina, don kada mu haɗu a baranda.

Ashe ba fushi ne ya hana ni cokali biyu ba. Ka san in suka ɗebi jininka za su gani, ni ma zan ji. Kuma ashe da ka kira surukinka ba ni kake yi wa baƙin ciki ba, shi kake ji wa tsoro. Na zage ka a zuciyata sati huɗu a kan abin da ba haka yake ba. Wannan kam na ba ka haƙuri, ka riƙe shi da kyau, ba kullum nake bayarwa ba.

Da aka cire mini allura na je gida na zaunar da surukinka na faɗa masa komai, ban rage ba. Na ce ga abin da ya sami wanda ya ba ni ta farko, in ya janye ba zan riƙe shi a zuciya ba, kuma da gaske nake. Yaya, ban taɓa jin tsoro irin na jiya ba. Yau da safe ya ɗauki littafinsa ya tafi wurin likita, ya tsare ta awa guda da tambaya. Ya dawo ya ce ya ji nasa haɗarin, ƙarami ne amma akwai shi, kuma mafi yawan abin da ke cin masu bayarwa shi ne hawan jinin da ba a kula da shi ba. Ya ce shi zai je awonsa kowace shekara ko da muna gaba da juna, don shi ba ɗan gidanmu ba ne, ba a haife shi da kunnen ƙashi ba.

Matarka ta roƙe ni in bar maganar jinin, wai in ƙyale ka da sirrinka. Na ce mata a'a. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Kana zaton in ka yi shiru ka kumbura a bayan bencinka ka raga mini ne? Ka ba ni ƙoda, ka kuma yanke shawarar mutuwa a kanta ba tare da ka tambaye ni ba, ka bar ni in ɗauki wannan har kabarina? Ban yarda ba. Ko da babu maganar gurbina, sai an ɗebi jinin nan.

Ga yadda za a yi. Gobe Asabar in an gama mini wanki zan kwana, Lahadi da sassafe in shiga mota. Kafin la'asar ina shagonka. Zan zauna a kan bencin da kake aiki, ba na baƙi ba. Wankina na gaba Talata ne ƙarfe takwas na safe, kuma tafiyar wuni guda ce, kai ma ka iya lissafi. Ba zan yi maka magiya ba, ba zan yi kuka a gaban masu sayen kujera ba. Motar da za ta dawo da ni da kai za ta dawo. In ka ƙi shiga, ni ma ban shiga ba, sai ka ga yadda mutum yake zama in ya tsallake wanki, don ka san abin da kake ajiye wa kanka.

Matarka a gidana ta kwana, na ba ta wannan takarda da hannuna don ta riga ni isa. Ka sa a share mini bencin, ba na son garin katako a zanina.

Ƙanwarka da ba ta da wani Yaya sai kai,
Barkono

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga gado na biyu a hawa na huɗu. Yaya jiki, yaya ƙafafun? Matarka ta ce takalmi ya fara shiga ba gardama, alhamdulillahi. Ta kuma ce ka ɓoye gishiri a aljihun rigar aiki. Ka fito da shi.

Ka yafe rubutun, hannuna da allura nake yi. Yau kwana tara da aikin.

Har yanzu in na tuna zamana a shagonka sai dariya ta kama ni, ɗinkin ya ja. Tun la'asar ɗin Lahadi kake zagaye ni da katako kamar ba mutum a wurin, har ka auna allo a gefen cinyata. Ban san ka karaya ba sai Litinin da hantsi, da na kasa sa takalmina na ga kana kallon ƙafata, ni kuma ina kallon taka, duk huɗun kamar an hura su. Ka ajiye guduma ka ce, "Tashi mu tafi, mayya." A rayuwata ba a taɓa yi mini zagin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Cokali biyun naka sun yi aiki. Sun gano wurare biyu da jikina ya haddace, kuma ɗaya daga ciki surukinka ma yana da shi. Likita ta ce da a kan tsohon awo suka dogara da sun tsallake shi, ƙodar kuma da ba ta kai sati ba. Awa bakwai ta yi a kan na'ura kafin a sa mini. Da na farka abin da na fara tambaya shi ne surukinka, na biyu kuma jakar da ke rataye a gefen gado. Nas ta ɗaga ta ta nuna mini, ta cika har rabi. Yaya, ban taɓa zaton zan yi kuka don ganin fitsari ba, amma na yi, nas ma ta taya ni. Jiya na sha ruwa kofi shida, ina ƙirgawa da ƙarfi don na gadon kusa su ji.

Magani ƙwaya huɗu nake sha yanzu, wai in abu ya tafi daidai a mai da shi uku. Likitar ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce wata uku na farko su ne abin dubawa, bayan nan shekara, bayan nan kuma tare za mu gani, don ba wanda ya riga mu zuwa can. Na ce mata na saba, ba a yabon ɗan aure sai ya ga rani. Surukinka yana ɗakin ƙasa yana tafiya a duƙe, yana gaya wa kowa cewa shi ne mutum na farko da aka yi wa ragi ya ji daɗi.

Yanzu maganarka. Na ji abin da likita ta ce maka, tun da kai ka yarda matarka ta faɗa mini. Ba ka kai ga wanki ba, kuma in ka riƙe magani ka bar gishiri ƙodar za ta iya kai ka shekaru. In ranar ta zo kuma, Auta ya riga ya je an gwada shi. Kamar da ya yi da kai, wadda ta hana shi ba ni, ita ce ta sa ya dace da kai. An ce da ka ji haka ka ce ba za ka karɓa ba, ba za ka yi wa yaro abin da ya same ka ba. To ka ji da kyau. Auta shekararsa talatin da takwas, ba yaro ba ne, kuma ya ga ƙafarka da idonsa kafin ya miƙa hannu. Kai da ka ba ni taka, wa ka tambaya? Ina kwance ina cewa a'a ka ce a rufe mini baki. Kafin lokacinka ya zo ma na riga na taka maka hanyar nan, in da ƙaya a ƙafata za ta fara shiga. Ɓeran gwajin da ka faɗa naka ne.

Direban da ya kawo maka wannan takarda zai sauke maka wani tsiro a baƙar leda. Jikan mangwaron Baba ne, daga cikin goma sha taran. Na aura shi sati biyu kafin a shiga da ni, da takunkumi a fuskata tun daga farko har ƙarshe, idon kuma a kan jiƙaƙƙiyar auduga cikin kwalin ashana. Sau biyu hannuna ya tafi wajen baki na make shi da kaina. Ya kama. Kada ka kwance ɗaurin sai ganyen sama ya yi kore sosai. Ka dasa shi bayan shago inda rana ke faɗawa da safe. Sai ya shekara biyu zuwa uku zai fara 'ya'ya, kuma na fari a hannunka nake so in karɓa, don haka ka san yadda za ka yi da kanka.

Ina gaida matarka, Allah ya saka mata, ta fi mu hankali mu duka. Ka shafa mini kan yara.

Awonka na gaba ranar sha huɗu ga wata ne, ƙarfe tara na safe, hawa na biyu. In tara da rabi ta yi ban ji muryarka a baranda ba, na san tashar motar garinku, kuma na san bencinka.

Taka har kullum,
Barkono